Ƙafar Majo

Ranar wata Juma'a ce ta watan Afrilu, wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a gidanmu na Dogon Dutsi. Mu huɗu ne a ƙarƙashin rumfar tsakar gida: mahaifina a kan doguwar kujerarsa ta saƙa, ƙanwata autar gidanmu wadda ke kula da shi tun rasuwar mahaifiyarmu, wani ma'aikacin jinya da ya koyi aiki a hannunsa, sai ni da na sauka daga motar Yamai da hantsi. Zafin bazara ya kai inda ko kaji ba sa motsi, amma mahaifina ya lulluɓe ƙafarsa ta hagu da zane mai kauri tun daga gwiwa har ƙasa. A gefen kujerar akwai kasko, turare na ci a ciki.

Na zauna daga nesa, kusa da randa, inda na saba zama. Ni ne ɗan fari. Da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma, kuma tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. In yana da magana da ni sai ya dubi wani wuri ya ce, "Ku tambayi mutumin Yamai ko ya ci abinci." Ni kuma in ba ƙanwata amsa. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce. Gidaje da yawa a Dutsi sun sassauta ta, shi bai sassauta ba, ni ma ban san wata hanya ta zama da shi ba.

Mahaifina majo ne. Haka muke kiran babban ma'aikacin jinya da ke riƙe da asibitin karkara inda babu likita. Bai yi karatun likita ba, amma a zamaninsa, daga Dogon Kiriya har ƙauyukan Tibiri, in aka ce likita shi ake nufi. Wata shekara da sanƙarau ya yi tsanani an kai ni hutu wurinsa. Na ga rumfunan zana a bayan gari, mutane kwance a kan rairayi wuyansu ya sandare, shi kuma yana bin su ɗaya bayan ɗaya, wani na biye da shi da tukunyar da aka tafasa allurai. Ban ga ya yi gudu ba, ban kuma ga ya zauna ba. Har masu bori na wajen Lugu sukan duba mutum su ce, "Wannan ba na iska ba ne, na Majo ne," su sa a ɗora shi a amalanke. Shi ma in ya ga abin da ya fi ƙarfin allura ba ya hana dangi su gwada nasu.

Yana da tsarin aiki guda da kowa ya sani. In aka kawo masa mutum, kafin ya tambayi inda ke ciwo sai ya ce, "Wa ke da mara lafiya?" Uba ko miji ko wa zai fito. Bayan ya gama dubawa sai ya ja wannan mutumin gefe ya gaya masa gaskiya tsirararta, in tafiya babban asibitin Dosso ce ya ce tafiya ce, in yanka ne ya ce yanka ne. Shi kuwa na kwance ba ya jin komai daga bakinsa sai, "Za a samu sauƙi." Yakan ce mutum ba ya ɗaukar ciwo ya kuma ɗauki shawara a lokaci guda, kuma ba a haifi wanda zai ce da bakinsa a yanke masa ƙafa ba.

Ya daɗe da ciwon sukari, tun kafin ya yi ritaya. Bayan girbin da ya wuce ya je duba gona, tushen karan hatsi ya huda masa ƙasan yatsa ta gefen takalmi. Bai ji zafi ba, sai da ya zo alwala ya ga jini. Wannan labarin na ji shi ta waya tun a lokacin, kuma duk mako in na kira ƙanwata na ce ya ƙafar Baba, sai ta ce da sauƙi. Ba ƙarya take yi ba. Abin da ya gaya mata ke nan, kuma abin da kowa ke faɗa ke nan. Abin da ya taso ni daga Yamai shi ne ranar da ta ce da sauƙi, sannan ta ƙara da cewa ya daina fita masallaci.

Muna zaune a wannan yammacin, ana hirar zafi da tsadar hatsi, sai muka ji sallama da ƙarar sanda a ƙofar gida. Gwaggo ce. Ɗiyar kawun mahaifina ce, wato taubashiyarsa, kusan sa'arsa, kuma ita kaɗai ce a duniya ke gaya masa abin da ta ga dama.

"Ina bawan nan nawa?" ta ce tun daga zaure. "An ce mini ya kwanta, na ce ƙarya ta, ƙiwa ta."

Mahaifina ya yi dariya, karo na farko tun zuwana. "Ga tsohuwar kwaɗayi nan. Ku ɓoye hura."

"Hurarka ta marasa sukari? Ko akuyata ba ta shan ta."

Ta juyo ta gan ni. "Kai ma ka zo? Kullum muna jin ka cikin akwatin rediyo kana ba mu labarin ƙasashen da ba mu san su ba. Na gidanku hwa?"

Na gaishe ta. Ba ta zauna a tabarmar da ƙanwata ta shimfiɗa ba. Ta tsaya a gaban kujerar tana jan hanci.

"Wanga turare na mi ne da rana tsaka? Amarya kunka yi ba ku gaya mini ba?"

"Sauro," in ji shi.

"Sauro cikin bazara. To, mi kake ɓoyo ƙarƙashin zane? Kaza ce ke kwanci?"

Kafin kowa ya motsa ta sa kan sandarta ta ɗage zanen ta jefar. Ma'aikacin jinyar ya miƙe tsaye, ƙanwata ta ce, "Gwaggo!" Ƙafar na naɗe da bandeji wanda ya jiƙe ya zama rawaya, kuma warin da turare ke ta fama da shi ya taso ya rufe rumfar. Mahaifina ya dube ta na ɗan lokaci. Sannan ya sunkuya ya soma warware bandejin da kansa, a hankali, yana naɗe shi a hannu kamar yadda yake yi wa kowa.

"Tunda gani kike so," ya ce, "ga shi, ki ƙoshi."

Yatsu biyu sun yi baƙi kamar gawayi. Bayan ƙafar ya kumbura yana sheƙi. A kan fatar akwai layuka uku da aka ja da alƙalamin bik shuɗi, ɗaya sama da ɗaya, na ƙasa a gindin yatsu, na sama dab da idon sawu. Jan kumburin ya riga ya wuce na saman.

Gwaggo ta zauna a ƙasa, ba a kan tabarmar ba.

Da na raka ma'aikacin jinyar ƙofa na tambaye shi tun yaushe ƙafar take haka. Ya ce bai sani ba, yau ya fara ganinta. Kullum yakan kawo bandeji da maganin wanke ciwo, Majo ya ce ajiye nan, ya ajiye, su gaisa ya tafi. Akwai wasu biyu da suka yi aiki ƙarƙashinsa, su ma haka suke yi.

"Yaya, ni in ce wa Majo ya buɗe ƙafa in duba? Shi ya koya mini riƙon almakashi."

Na tambaye shi layukan. Ya sunkuyar da kai. Ya ce dabarar Majo ce, shi ya koya musu. Ana jan layi a bakin kumburi, gobe a duba. In kumburin ya ja baya magani na aiki. In ya tsallake layin, a tura mutum gaba, kada a jira.

"Ya tsallake uku," na ce.

"Na gani, Yaya."

Washegari mahaifina ya yarda a kai shi asibiti, ba don ni ba. Gwaggo ce ta kwana a gidan ta ce ba inda za ta, kuma in bai tashi ba za ta shiga kasuwa ta gaya wa kowa cewa likitan ƙasarmu ta Arewa tsoron allura yake. Ya sa babbar riga da hula. Muna shiga harabar ma'aikata suka dinga fitowa suna rusunawa, wani ya kawo kujera, wani ya kawo ruwa. Likitar da ke aiki ranar wata matashiya ce daga gabashin ƙasar, ba ta daɗe da zuwa Dutsi ba, kuma ba ta san ko shi wane ne ba. Ta ce ya hau gado. Ya hau. Ta buɗe ƙafar, ta taɓa nan da can da tsinin allura tana tambaya ko yana ji, yana cewa a'a. Ta daɗe da yatsunta a bayan idon sawunsa tana neman bugun jini. Ta dubi layukan, ta dube shi, sai ta koma Faransanci. Ya amsa mata da Faransanci. Suka yi ta magana a natse, kamar ma'aikata biyu da ke tattauna ciwon wani mutum na uku da ke kwance a wani ɗaki.

Daga nan ta cire safar hannu ta juyo gare mu da Hausarta ta gabas.

"Wa ke da mara lafiya?"

Ƙanwata ta dube ni. Gwaggo ta dube ni. Na buɗe baki, amma ya riga ni.

"Mara lafiya shi ke da kansa, Likita. Faɗi, ina ji."

Ta faɗa. Ta ce a tafi Dosso a ranar, a cire gaban ƙafar, watakila a tsira da diddige ya riƙa takawa. Ya saurara har ta gama.

"Aikinki ya yi kyau," ya ce. "Da ni ne, abin da zan faɗa ke nan. Ki rubuta mini allurai, mu ga mako guda."

"Baba, babu mako guda a ƙafar nan."

"Allah ya yi miki albarka."

Ya sauko daga gadon ya gyara hularsa. A baranda ta tsayar da ni. Ta ce za ta ba da alluran domin sun fi babu, amma ba za su komar da abin da ya mutu ba, kuma ba ta da ikon sa mutum mai hankalinsa a mota. Ta ce in nemo wanda yake jin maganarsa.

Na nema. Yayyensa maza duk sun rasu, kawunnansa sun daɗe a ƙasa. A danginmu duk wanda ya kwanta, shi ne mai shi. Shi ake kira, shi ke cewa a tafi ko a tsaya. Ba mu taɓa tunanin ranar da za a tambayi wa ke da shi ba.

Na fara da limamin unguwa. Ya zo bayan azahar, ya zauna, ya yi bayani mai kyau a kan cewa neman magani ba ya karo da tawakkali. Mahaifina ya yarda da kowace kalma, har ya ƙara masa wata hujjar da ya manta. Sannan ya tambaye shi ko kunnen nan da ya yi ta zubar da ruwa yana yaro ya daina damunsa. Liman ya ce ya daina, ya yi addu'a, ya tafi.

Wani ɗan ƙanensa, matashin ɗan kasuwa mai yawan zuwa wa'azi, ya same ni a zaure ya ce wannan kunya tamu ba addini ba ce, al'ada ce kawai, kuma shi zai shiga ya gaya wa Baba gaskiya ido da ido. Na ce bismilla. Ya shiga da ƙarfinsa. Ina jin su daga inda nake. Ya ce, "Baba, ya jiki?" Aka ce da sauƙi. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Ya fito ta gabana bai dube ni ba.

Na aika wa wani tsohon abokin aikinsa, shi ma majo ne mai ritaya a wajen Tibiri. Ya zo a kan kabu-kabu, ƙura har gira. Suka wuni tare. Na ji suna dariya a kan wata tsohuwar motar rigakafi da ta taɓa kafewa da su a rairayi, da wani likita da ya koyar da su suna samari, wanda ke duba farcen ɗalibai kafin ya duba marasa lafiya. Da zai tafi na bi shi waje.

"Ɗana," ya ce, "na gani. Shi ma ya gani tun kafin ni. Me zan gaya masa wanda bai sani ba?"

Na yi tunanin abin da ya rage, wato in samo samari huɗu su ɗauke shi da kujerarsa. Har na je tasha na sami wani direba da na sani tun muna yara. Ya ce motarsa tawa ce ko wane lokaci. Da na yi masa bayanin yadda za a yi, sai ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Majo? Ai sai in shi ya ce a zo." Ya nuna mini tabon rigakafi a damtsensa, kamar wannan ya isa amsa.

Da na koma gida na tarar da Gwaggo a bakin murhu tana taya ƙanwata gyaran zogale. Ta daina zolayarsa tun ranar da muka dawo daga asibiti, sai dai ta zauna kusa da shi tana korar ƙuda.

"Ni baki gare ni," ta ce mini. "In zage shi, in ja mishi hula, ba mai hana ni. Amma ba ni da ikon cewa a ɗauke shi, ni mace ce, kuma gidan wani nike. Kai ad da iko. Jira shikai a ɗauke shi kamar buhu, ba ka gani ba?"

"In kuma ba jira yake ba fa, Gwaggo?"

Ta ci gaba da tsinke ganye. "To, wannan ban sani ba."

Da safe, bayan mahaifina ya karya, ƙanwata na ɗakin girki, na ɗauki tabarma na shimfiɗa a gefen kujerarsa. Ban taɓa zama kusa da shi haka ba tun da na yi wayo. Na ga yadda wuyansa ya rame, na ji numfashinsa. Na shirya maganar tun dare, gajera, ba kwana-kwana.

"Baba, ina so mu tafi Dosso yau."

Bai juyo ba. Ya zuba wa itacen dogon yaro da ke bakin katanga ido. Sannan ya soma magana, da itacen yake yi.

"Akwai wani manomi can arewa da Dogon Kiriya. Maciji ya sare shi, aka ɗaure ƙahwar da igiya kwana da kwanaki kahin a kawo mini. Na kira wansa na ce a tahi, anka tahi, anka yanke. Ya rayu. Shekara da shekaru shina zaune ƙohwar gida shina kallon mutane na tahiya gona. Duk ranar da na bi ta garin sai ya gaishe ni da kyau, har ya sa a kawo mini ruwa. Da zagina ya yi, da ya hi mini sauƙi."

Na ce, "Amma ya rayu, Baba."

Ya ɗaga murya kaɗan, ya fuskanci ɗakin girki. "Ku gaya wa mutumin Yamai na ji. Ku ce mishi ana jiran shi wurin aiki."

Na naɗe tabarmar na koma bakin randa. Ban tafi Yamai ba. Na kira gidan rediyon da nake aiki na ce a ba wani lokacin shirina.

Kwanakin da suka biyo baya iri ɗaya ne. Ma'aikacin jinyar na zuwa safe da yamma ya yi masa allura a inda ya nuna. Labari ya bazu, mutane suka dinga zuwa daga ƙauyuka, wani da kaza, wani da ƙwaryar nono, wata tsohuwa da jikokinta ta ce a hannunsa aka haifi uwarsu. Kowa ya durƙusa ya ce ya jiki, ya ce da sauƙi, su ce Allah ya ƙara. Zanen na nan a kan ƙafar, kaskon turare ya zama biyu. Zazzaɓi ya soma zuwa masa da yamma, daga baya ya daina tafiya. Tuwo ya gagare shi, sai kunu, shi ma kurɓi biyu. Likitar ta zo gidan sau ɗaya da kanta bayan ta tashi aiki, ta roƙe shi, ya yi mata godiya ya sa a ba ta kaza ɗaya daga cikin na gaisuwa. Ƙanwata ta gaya mini ta tsinci bik ɗin a ƙarƙashin kujera, ta miƙa masa, ya ce ta ajiye, ba ya bukata.

Ni dai ina zaune. Aikina shi ne in karɓi baƙi, in raka su ƙofa, in amsa waya in ce da sauƙi.

Wata Laraba da hantsi ƙanwata ta kai masa kunu. Ina zaure na ji yana magana da ƙarfi, da wata murya da na sani tun ina yaro, muryar aiki. Na leƙo. Yana zaune a miƙe, idanunsa a buɗe, yana ce mata a tafasa allurai, a fitar da na rumfa ta biyu, rana ta yi musu yawa. Ta ce, "Baba, ni ce." Ya ce ta yi sauri. Sai ya juyo ya gan ni tsaye, ya dube ni tsakiyar ido, ya kira sunana. Sunana na yanka, cikakke. Ya ce in zo in riƙe masa tukunya.

Kwanon kunun ya faɗi daga hannun ƙanwata. "Yaya," ta ce, "ya kira sunanka."

Gwaggo ta dafa sanda ta miƙe. "To, ba shi nan. Ku ɗauke shi."

Wannan karon direban bai yi musu ba. Shi da ma'aikacin jinyar da maƙwabta biyu suka ɗaga shi, yana ta ba da umarni ga mutanen da suka daɗe da mutuwa. A asibiti likitar ta ɗaga zanen, ta mayar da sauri. Baƙin ya kai ƙwauri. Ta sa masa ƙarin ruwa, ta aika a fito da motar asibiti, sannan ta dube mu ta yi tambayar da ta yi a farko.

Na ce, "Ni ne."

Na zauna a wajen kansa cikin motar, ina riƙe da ledar ruwan saboda ƙugiyar da ake rataye ta ta karye. Hanyar Dosso kwalta ce, amma kowane rami sai ya ɗaga shi ya mayar. Ya daina magana tun kafin mu yi rabin hanya. Ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, abin da na iya yi ke nan.

Likitan tiyata a Dosso dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya duba, ya fito da ni waje, ya sa gefen hannunsa a kan cinyarsa shi kansa, sama da gwiwa.

"Nan," ya ce. "Ƙasa da nan ba zai warke ba. Kuma ban yi maka alkawarin zai tashi ba. Ka yarda?"

Na ce na yarda. Aka shiga da shi bayan la'asar.

Ya tashi. Hankalinsa ya dawo a hankali, a rana ta uku ya gane ƙanwata ya nemi ruwa. Ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin lokacin da aka zo wanke ciwon. Ya ce a ɗaga masa kai yana so ya gani. Ya dubi dungun da kyau, ya tambayi mai wankin wane irin zare aka yi ɗinkin da shi, ya ce hannun da ya yi wannan aiki ya iya. Da suka fita ya kwanta yana kallon rufi.

"Wa ya ba da izini?" ya tambayi ƙanwata.

Ta ce, "Yaya ne."

"To," ya ce. Ya juya fuskarsa wajen bango.

An sallame shi bayan an yi shuka. An ba shi sanduna biyu na dogarawa, bai saba da su ba, daga ɗaki zuwa rumfa sai an tallafe shi. Ya ƙara damina biyu a duniya. A ta uku ciwon ya fito a ƙafar dama, ya rasu a gida kafin girbi.